Sauti ya ɗauke: kada a yi gaggawar goge Windows

Da muka tattauna kan kwamfutar da sautinta ya ɗauke lokaci guda, yawancin masu gyara sun ce a fara da abu mai sauƙi. A danna alamar lasifika a duba inda sautin yake fita, domin in an taɓa jona talabijin ta wayar HDMI, Windows kan ci gaba da tura shi can. In ba nan matsalar take ba, a buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan aikin kwamfutar, a cire direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa sautin, galibi na Realtek ne, a kashe kwamfutar a kunna. Windows zai mayar da shi da kansa.

Shawarar da ta fi burge ni: a tayar da kwamfutar da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban da Windows, daga filashi ba tare da an girka shi ba. In sauti ya fito, laifin manhaja ne. In shiru, mai yiwuwa lasifikar ce ko allon cikin kwamfutar (motherboard), kuma sake girka Windows ɓata lokaci ne.

In dole sai an sake girkawa, a kwashe fayiloli tukuna, a tanadi filashi mai gigabait 8 da za a girka Windows daga cikinsa. A tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.