Hoton MRI zai iya faɗin wanda zai yi ciwon mantuwa?

Malam Sani: Jama'a, ni fa na gamsu. In aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar dattijo da MRI, aka ga ƙananan jijiyoyin jini sun fara lalacewa, an san ciwon mantuwa na tafe. Duk wanda ya haura 60 a yi masa kawai.

Dakta Hauwa: Malam, "an san" ɗin nan ya yi nauyi. Abu huɗu muke dubawa: fararen tabo, 'yan ramukan da toshewar jijiya ta bari, ɗigon jinin da ya taɓa tsiyaya, da buɗewar gurbin da ke kewaye da jijiya. Kowanne maki ɗaya, daga 0 zuwa 4. Makin na hawa, haɗarin na ƙaruwa, amma a kan taron mutane aka yi lissafin.

Malam Sani: To ai shi ke nan. Wasu masana biyu, Debette da Markus, sun tattara bincike a 2010, suka ga masu yawan fararen tabon nan haɗarin mantuwarsu ya kusa ninki biyu, na shanyewar ɓarin jiki ya kai ninki uku. Wannan wasa ne?

Usman: Yaya Sani, a binciken da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holland an ɗauki hoton mutum sama da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90. Kashi 5 cikin 100 ne kacal ba su da tabon ko kaɗan. Sauran duk a ce musu su shirya?

Dakta Hauwa: Shi ya sa yawansa ake aunawa. A ma'aunin Fazekas na 1987, mataki na 1 ɗigo-ɗigo ne a warwatse, na 2 sun fara haɗewa, na 3 sun game sun yi faci. Na 3 ne ke tayar min da hankali, balle in da ramuka.

Hajiya Rabi: Dakta, na 2 aka rubuta wa mahaifinmu. Tun da aka karanta masa takardar, in ya nemi tabarau bai gani ba sai ya ce ga ta nan ta fara. Alhali har yau shi ke tuna mana ranar ganin likitansa. Ba a duba irin wannan?

Malam Sani: Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Amma rigakafi ya fi magani. Gwajin SPRINT MIND a Amurka, mutum sama da 9,000: waɗanda aka nemi sauke lambar sama ta awon hawan jininsu ƙasa da 120 maimakon 140, raunin tunani na farko-farko ya ragu musu da kashi 19, tabon ma bai ƙaru sosai ba.

Usman: Da hawan jini aka zaɓe su, Yaya, ba da hoto ba. Kuma a kan cikakken ciwon mantuwa bambancin bai kai a kafa hujja ba. In maganin bai wuce a kula da jini da suga, a bar taba ba, me hoton ya ƙara?

Dakta Hauwa: Yana ƙarawa a wasu wurare. In na ga ɗigon jini da yawa, sai na sake nazari kafin in ba da maganin tsinka jini. Wanda tafiyarsa ta canja ko tunaninsa ya yi sanyi, hoton na taimaka min gane dalili. Mai lafiya garau kam ba zan tura shi ba.

Malam Sani: Ko da iyayensa duk sun yi ciwon?

Dakta Hauwa: A shekara nawa ya same su, kuma sun taɓa shanyewar jiki da wuri? Amsa min wannan tukuna.