Waɗanda suka dasa itacen knobcone a gida, ku ba mu labari

Mai buɗe zance, daga Redding ta Kalifoniya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai gangare mai tsakuwa a bayan gidanmu, duk abin da aka dasa sai ya bushe kafin Agusta, kuɗin ruwa kuma kullum hawa yake. An ba ni shawarar itacen fain ɗin nan, knobcone, wai ɗan asalin Kalifoniya ne, fari ba ya damunsa. Ina ganinsa a hanyar Whiskeytown, inda gobarar Carr ta ci a 2018, ya sake tsirowa cunkus. Waɗanda suka dasa shi, yaya kuka ƙare?

Wani dattijo, daga Medford ta Oregon:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara ajiye lissafin damina irin na gida. Nan ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin zafi kuwa ko ɗigo babu, kuma itacen a kan haka ya saba. Nawa na dasa su da faɗuwar ruwan farko, ƙanana, tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Ban sa taki ba, ban canza ƙasar ramin ba. A zafin shekarar farko nakan ba su ruwa jefi-jefi, amma mai yawa, yadda zai nutse ƙasa saiwa ta bi shi. Daga baya na janye hannu gaba ɗaya. Maƙwabcina ya sa nasa a tsakiyar ciyawar da famfo ke fesa wa kullum, ganyen ya yi rawaya, da aka tone saiwar ta ruɓe. Gangarenka mai tsakuwa shi ne ainihin wurinsa, domin a daji ma a ƙasar da sauran itatuwa suka ƙi yake zama.

Wata uwa, daga tsaunukan Santa Cruz:
Gaskiyar Baba ce, amma don Allah Malam ka yi tunanin wuta kafin komai. Wannan itace da gobara yake haihuwa. Kwanson irinsa a manne yake da gangar jiki, zagaye-zagaye, ƙaro ya liƙe bakinsa gam, yana iya shekara da shekaru bai buɗe ba. Na taɓa ganin reshen da aka sare, kwanson na cikin katakon tsundum, itacen ya yi ƙiba ya haɗiye shi. Sai zafin wuta ya narkar da ƙaron sannan iri ya zubo a kan toka. Bayan gobarar CZU da ta ci tsaunukan nan namu a 2020 mun ga haka da idonmu: iyayen sun ƙone ƙurmus, 'ya'yan sun fito kamar an watsa gero.

To itacen da haka rayuwarsa take, ba a sa shi a gindin taga. Dokar Kalifoniya ta ce a share kayan cin wuta har ƙafa 100 kewaye da gida a yankunan da gobarar daji ke yi wa barazana. Nawa suna can ƙarshen fili, a warwatse, kan ɗaya ba ya taɓa na ɗaya. Ina sare rassan ƙasa, ina kwashe busasshen ganyen kafin zafi ya kankama. In filinka bai kai haka ba, wallahi gara ka haƙura.

Wani matashi, daga Napa:
Yaya, ka sa ragar waya a cikin ramin saboda gofa, ɓerayen nan masu cin saiwa ta ƙarƙashin ƙasa. Ka kuma kewaye dashen, barewa na goga ƙaho a jikinsa.

Wata 'yar'uwa, daga Oakland:
Ni ina son nawa, tsuntsaye ba sa rabuwa da shi, sai dai kada ka sa ran inuwar shimfiɗa tabarma. Ganyen siri-siri ne, uku-uku a ɗaure, rana na ratsa shi. Yana saurin girma, a daji yakan kai mita 8 zuwa 24, amma ba ya tsufa sosai, da wuya ya cika shekara 100. Mu na kusa da teku kuma muna fama da cutar pitch canker, wadda aka fara gani a jihar nan a 1986. Alamarta ƙaro na tsiyaya, kan reshe ya yi ja ya bushe. Da na ga haka a wani reshe na sare shi, na wanke almakashin kafin in taɓa wani.

Mai buɗe zance:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na auna, ƙasan gangaren ya wuce ƙafa 100 daga bango. Baba, dashen fa, a ina kuka samu?

Dattijon Medford:
A wurin masu rainon itatuwa 'yan asalin yankin, ba kowace kasuwar furanni ke da shi ba. A wajenku ka tuntuɓi reshen California Native Plant Society, ƙungiyar masu kula da tsirrai 'yan asalin Kalifoniya, sukan sayar da dashe kafin faɗuwar ruwa. In kuma wani mai fili ya ba ka kwanso, ɗumama shi a tanda da wuta kaɗan har ya buɗe baki, ka karkaɗe irin. Kada dai ka tsinko a gandun gwamnati ba da izini ba.