Sorbet ɗin blueberry ya daskare kamar dutse, ina mafita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Mun je wata gona a nan jihar Michigan ta Amurka, irin wadda mutum ke tsinka da hannunsa a auna masa, yara suka ciko bokiti da blueberry, wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗaye. Na markaɗa na yi sorbet, wato askirim ɗin 'ya'yan itace marar madara, gari ya waye cokali ya ƙi shiga. A taimaka kafin sauran su lalace.

Anti Balaraba: Wa alaikumus salam. Sukari nawa kika zuba?

Maman Ilham: Cokali 3 ne Anti, Baban Ilham ba ya son zaƙi.

Anti Balaraba: Ai shi ke nan! Sorbet ba madara a cikinsa balle mai, sukarin ne kaɗai ke hana ruwan zama ƙanƙara. Kofi 4 na blueberry yana son kusan kofi 1 na sukari. Ki ɗora su a wuta da rabin kofin ruwa har su farfashe, tukunyar ta koma shuɗi mai duhu, ki markaɗa, ki tace a rariya don ɓawon ya fita. Sai lemun tsami cokali 2 da ɗan gishiri. Maigida kuma ya kwantar da hankalinsa, abu in ya yi sanyi zaƙinsa raguwa yake a baki.

Ummi: Anti, ni fa ba ni da injin askirim.

Anti Balaraba: Zuba a faranti mai faɗi ki sa a firiza, duk bayan minti 30 ki fito da shi ki karce da cokali mai yatsu, tun daga gefe inda yake fara kamawa.

Hajiya Turai: Wannan zirga-zirgar ta fi ƙarfina. Ina zubawa a robar ƙanƙara, in ya daskare in juye a bilenda. Wani abu kuma, girke-girken intanet da yawa suna cewa a ɗiga giya don ya yi laushi, ku lura. Zuma cokali 2 a madadin wani ɓangare na sukarin ta wadatar.

Maman Sadik: Mu da muke Kano sai kallo. A manyan kantuna ɗan mitsitsin kwali kuɗinsa ya sayi kwandon mangwaro. Ɗinya za ta yi?

Hajiya Turai: Kala dai ta yi kama, amma ƙwallon ya fi naman yawa, sai kin jiƙa kin murje da yawa. Mangwaro ya fi sauƙi, yana da kauri, sukarinsa ma ba sai ya kai haka ba. Zoɓo mai kauri da citta shi ma yana yi.

Maman Sadik: Saura wuta ta tsaya.

Hajiya Turai: Wannan kam sai addu'a. In ya narke ya sake daskarewa, ki mayar da shi bilenda.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Na jiyan fa, zubarwa zan yi?

Anti Balaraba: Haba dai! Ki narkar da shi, ki ƙara ruwan sukari, ki sake daskararwa. Sauran blueberry ɗin ki baza a tire su daskare tukuna ki ƙulle a leda, za su kai ki har lokacin sanyi.