Ƙanena ya ce rini zai koya a Ƙofar Mata, akwai ci a sana'ar nan kuwa?

Ɗan Mandawari:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ƙanena ya gama sakandare bana, har na yi masa magana da wani maigida a Kantin Kwari zai riƙa zama masa a shago, sai yaron ya kafe shi rini yake so, a marinar Ƙofar Mata da ke nan Kano. Ni kuwa duk sanda na leƙa wurin, rijiyoyi da yawa a bushe suke, wasu ƙasa ta cike su, masu aikin kuma yawanci dattawa ne. Na san an ce tun 1498 ake rini a nan, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ban raina ba, amma tarihi ba ya auno kwanon shinkafa. Wanda ya san harkar ya faɗa mini tsakani da Allah.

Jikan Marina:
Wa alaikumus salam. Kakana marini ne, a bakin rijiya na tashi. Ka fara tambayar yaron ko zai jure wari da jira. Ana zuba ruwa da baba, wato ganyen da ke ba da shuni, da toka, a bar shi makonni yana ruɓa ana motsawa, kafin a tsoma ko da ƙyalle. In ka ciro zane kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya juye shuɗi a gabanka. Ka sake tsomawa, ka sake cirowa, wani zanen sai ka wuni a kansa. Hannunsa zai yi shuɗi har ya saba.

Batun kuɗi kuma, wanda ya zauna jiran Turawa masu yawon buɗe ido shi ne ya sha wuya, don tun tashin hankalin 2012 ƙafarsu ta ragu. Ni da ƙanena ne, Kura zan fara kai shi, nan kan hanyar Zariya. Garin bai kai ko kusa da Kano girma ba, amma turkuɗinsa, wato rinannen zanen nan mai ƙyalli, har Agadas ake nemansa, shi Buzaye ke naɗawa. Ya je mabuga ya ga yadda ake buga zane da shuni har ya riƙa ƙyalli. Su can ba su taɓa dogara da mai kyamara ba.

Ɗan Kwari:
Malam, kai shi shago kawai. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa masu injina ma sun durƙushe, balle mai tsoma zane da hannu. Atamfar Sin ta cika kasuwa, talaka kuwa araha yake bi. In dole sai rini, ya koyi rinin shadda na maganin kanti, shi ne ke tafiya gab da Sallah.

Uwar Biyu:
Alhaji Ɗan Kwari, ban yarda da kai duka ba. Ni tela ce a Gwammaja, kuma daga Ƙofar Mata nake saro yadi. Mutane suna mantawa ɗaurin da ke fitar da zanen nan mata ne ke yinsa a cikin gidaje, da allura da zare, a biya su. Kenan ba marini kaɗai ke ci ba. Ina ɗinka jakunkuna da rigunan matashin kujera da dogayen riguna, in sa a Instagram, 'yan Abuja da Legas su saya, wasu har su ce a yi musu dagin Arewa a jiki. Matsalata da marina biyu ce: saɓa alkawari, da zanen da ba a ɗauraye shi sosai ba, mai saye ya sa ya ɓata masa farar kujera, ni a kira a zage.

Ɗan Mandawari, bar shi ya koya, amma ya riƙe wayarsa, ya iya ɗaukar hoto, ya iya faɗin ranar da kaya za su fito kuma su fito.

Ɗan Mandawari:
Na gode Hajiya, na gode jama'a. Ranar Asabar zan kai shi Kura. Maigidan Kwari kuma zan roƙe shi ya ɗaga mana ƙafa zuwa bayan Sallah. Jikan Marina, akwai wanda za ka haɗa mu da shi a can?