Ina ake samun dutsen hawa kusa da Sakkwato?

Ɗan Arkilla: Assalamu alaikum jama'a. Yarana sun matsa min sai na kai su hawan dutse a hutun nan, ni kuwa a garin nan ban san abin da ya wuce tudu ba. Wanda ya taɓa zuwa inda za a fita da safe a dawo kafin magariba, don Allah ya ba mu labari.

Baba na Mabera: Wa alaikumus salam ƙanena. In dutse na gaske kaka so, sai Kwatarkwashi, gaba kaɗan da Gusau bisa hanyar Tsafe. Mun je da ƙuruciya, tun Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, kahin a cire ta a 1996. Ƙaton dutse ne sumul, garin yana gindinai. Bayan asuba munka fara hawa, hantsi na yi dutsen ya ɗau zafi har tafin hannu bai iya daɗewa bisa shi. Saukowa ta fi hawa wuya, wani wurin da zaune munka sulalo. Tsofaffin garin sunka ba mu labarin bikin Baura, yadda samari ka hawa su kamo mikiya. Amma tafiyar ta wuce kilomita 200: Dange, Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu, sannan Gusau. Ba ta yini ɗaya da yara ba ce, balle ga halin da hanyar take ciki.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, ka rage buri ka nufi Wurno ta hanyar Achida. Ba dutse ba ne irin wanda Baba ya faɗa, garin ne kansa yake kan tudu, fadamar Rima shimfiɗe a ƙasa. Mun je da hunturu. Muka fara da ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, sannan wani ɗan gari ya zaga da mu bakin gangare. Daga nan kana hango gonakin albasa da tafarnuwa kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙara, alhali bayanka jar ƙasa ce da tsakuwa. Yaran ba su damu da tsawon tudun ba, su dai a bar su su hau su sauko. Abin da ya ba ni aiki ƙarangiya ce, duk ta manne musu a safa da bakin wando, a mota na zauna ina cire ta ɗaya bayan ɗaya. A sa musu takalmi mai rufi, ban da silifa.

Malamin Gidan Igwai: Hajiya ta yi gaskiya, kuma tudun nan shi ne dalilin garin. Bello ribaɗi ya mai da Wurno, wurin tsaro da ake hango mahara tun daga nesa. Rashin manyan duwatsu a wajenmu kuwa yana da asali: ƙasar nan ta taɓa zama ƙarƙashin teku, shekaru miliyoyi da suka wuce. Abin da ruwan ya bari shi ne laka da yashi da farar ƙasa, irin wadda kamfanin siminti yake haƙa a Kalambaina. A yankin Goronyo ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, masana suka sa mata suna Goronyosaurus. Na kan fita da ɗalibaina kwazazzaban wajen Dange, in ce su duba bangon da ruwa ya zaftare, su ga ƙasar hawa-hawa, kowane da launinsa. Yaron da ya tsinci dutse mai zanen ƙwanso a jiki ba ya mantawa.

Ɗan Runjin Sambo: Malam, a yi haƙuri, ni dai ban ƙoshi ba. Wanda ya yi hidimar ƙasa a Jos ka kai shi Wurno ka ce ga dutse, dariya zai yi maka. Tafarnuwa kam na sayo da araha.

Direban Hanyar Goronyo: Alhaji, ni kullum ina kan hanyar nan, ka ji tawa. Kada ka tashi sai ka tambayi 'yan tasha yadda aka kwana, don gabashin Sakkwato yau lafiya gobe akasi. Ka fita bayan gari ya waye sosai, ka juyo da la'asar sakaliya, kada duhu ya same ka a hanya. Kada ku kutsa daji ku kaɗai don kun hango tudu, ku gaida mai unguwa ya haɗa ku da yaro. Kuma daga Maris zuwa Mayu a manta da zancen, zafi yana wuce digiri 40. Ruwan sha ya fi abinci yawa a but, fura da nono za ku samu a can.

Ɗan Arkilla: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wurno za mu je ranar Asabar in Allah ya yarda. Malam, in kana da sarari akwai wuri ɗaya a gaban mota, don tambayoyin yaran nan sun fi ƙarfina.