Haƙorin kulɓa ya faɗi, muƙamuƙinta kuma ya yi laushi

Tambaya daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kulɓa ce ake kiwo cikin akwatin gilashi a ɗaki, wata huɗu ke nan. An tsinci ɗan haƙori a kwanon ruwanta, haɓarta kuma kamar ta saki, ba ta cafkar fara da ƙarfi kamar da. Haƙorin zai sake fitowa? Me za a yi mata?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka a kan haƙorin. Na kulɓa ba a cikin rami suke ba irin namu, manne suke a gefen ciki na ƙashin muƙamuƙi. Sabo yana tsirowa a gindin tsoho ta wajen harshe, ya yi ta cin gindin har tsohon ya faɗi, sau da yawa ma ta haɗiye shi da abinci. Haka take yi har ƙarshen ranta, ɗaya nan ɗaya can. Ƙadangare da hawainiya ne mafi yawan nasu ke zaune a saman ƙashin, in sun karye shi ke nan.

Amsa daga Daura:
Ɗan'uwa, haɓar nan ce abin dubawa. Gilashi yana tare hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, fatarta ba ta samun haɗa bitamin D3 da ke taimaka wa jiki ɗaukar kalsiyam (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) daga abinci, sai jiki ya koma zarar kalsiyam daga ƙashi. Ga fara da gyare, fosfaras ɗinsu ya fi kalsiyam yawa, alhali kashi 2 na kalsiyam ake so a kan 1 na fosfaras. Muƙamuƙi ke fara laushi, daga nan sai rawar ƙafa da karkacewar baya.

Don ƙara mata kalsiyam, ka tafasa ɓawon ƙwai minti 10, ka shanya, ka daka ya yi laushi kamar hoda, ka riƙa barbaɗa wa farar kafin ka ba ta. Yanzu kowane ci, in ta warware sau 2 ko 3 a mako. Da hantsi ka fitar da ita minti 20 zuwa 30 a kejin raga, rabinsa a inuwa. Kada ka kuskura ka sa akwatin gilashi a rana, ka san zafin garin nan, dafa ta zai yi. In ka sayi ƙwan fitila mai hasken UVB, a sauya shi tsakanin wata 6 zuwa 12 ko da yana kamawa. Farar gonar da aka yi wa feshi kuma a bar ta.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan, Malam. Duba dasashinta: in ka ga ja, kumburi, yawu ko mugunya fara mai kauri, ruɓewar baki ce, sai likitan dabbobi. Kada ka ɓanɓare bakin da ƙarfi, ƙashin da ya yi laushi karyewa yake. Kar kuma a kama ta ta wutsiya. Takan tsinke, wadda za ta tsiro guringuntsi ce, ba ƙashi ba.