Tsinkar inabi a yankin Shampan na Faransa: in je ko in haƙura?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ina karatu a Reims. Iyayen wani ɗan ajinmu suna neman masu tsinkar inabi a watan Satumba. Ƙaramar gona ce kusa da Epernay, su ke nomawa, su matse, su zuba a kwalba da sunan gidansu. Da ɗakin kwana da abinci. Tambayata: in karɓi biya ta awa ko ta kilo?

Maman Hanifa: Ka sayi safar hannu da hula. Almakashin nan ba ya bambanta yatsa da reshe.

Baban Tsibiri: Ƙanena, kada ka je. Wani ɗan kwangila ya kwashe mu daga Paris a motar kaya, ya zuba mu a gidan da babu ruwan zafi, katifa a ƙasa. Doka ta hana tsinka da inji a Shampan, sai da hannu, don haka tun asuba kake duƙe har la'asar, bayanka kamar an daka. Da aka gama ya cire kuɗin kwana, kuɗin mota, har na burodi. Ba ku ji abin da ya faru a 2023 ba? Mutum biyar suka rasu lokacin tsinka cikin zafi, a ƙauyen Nesle-le-Repons kuma aka samu 'yan Afirka ta Yamma fiye da hamsin a kango.

Ɗan Damagaram: Allah ya kyauta, yaya. Amma ni babu ɗan kwangila, masu gonar ne kai tsaye.

Baban Tsibiri: Duk ɗaya ne.

Zabiya86: Ba ɗaya ba ne. Ni a gidan wasu tsofaffi na yi, tebur ɗaya muka ci abinci, matar ta daina sa alade saboda mu. Ta awa suka biya, mafi ƙarancin albashi.

Sarkin Gudu: Ta awa asara ce. Santim ashirin na yuro nake karɓa a kilo, na ninka ku.

Zabiya86: Mu an ce mana sha takwas, kuma in shekarar ba ta yi 'ya'ya ba ka sha wuya.

Malam na Lyon: Kuna ta lissafin santim, babu wanda ya tambayi me za a yi da inabin. Giya ce fa.

Sarkin Gudu: Malam, kai da ba ka taɓa riƙe almakashi ba?

Malam na Lyon: Sai na sha guba kafin in ce tana kisa?

Ɗan Banza: Ni dai in zoɓo suke yi a sa sunana.

Maman Hanifa: Ba zaɓi ke kai yara can ba, haya ce. Ga na gida suna ganin yuro a bishiya ake tsinko shi.

Baban Tsibiri: Ai kin taɓo wurin. Jiya ƙanin babana ya turo saƙo wai in saya masa babur kafin Sallah.